Ku Tambaya Mu Amsa: Tsofaffin Kyamarorin Jamus Masu Ninkewa

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan abu ɗaya, wato kyamarorin nan masu cin fim da Jamusawa suka ƙera tun daga shekarun 1920 zuwa wajen 1960, waɗanda ake ninkewa su shige aljihun riga. Kalmomi uku za su yi ta maimaituwa. Fatar nan mai ninki-ninki da ke tsakanin gaban kyamara da bayanta, zugazugi za mu kira ta, don ta ɗauko kamannin na maƙera. Gilasan gaba su ne ido. Injin da ke buɗewa ya rufe cikin ƙiftawa don haske ya shiga kuwa, maƙifci.

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna kwashe kayan marigayi kakanmu sai muka tarar da wata baƙar kyamara a ƙasan adaka. In an danna wani ɗan maɓalli a gefe sai ƙofa ta buɗe, ido ya fito a bakin zugazugi. An rubuta Zeiss Ikon a jikinta, a fatar baya akwai 520/2, a zoben idon kuma Carl Zeiss Jena Tessar 1:4,5 f=10,5cm, sai kalmar Compur. Wace iri ce, kuma shekarunta nawa? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan kaka. Abin da ke hannunka Ikonta ce, kuma ka kawo duk shaidar da ake bukata.

Kamfanin Zeiss Ikon ya samu ne a 1926, lokacin da aka haɗe kamfanoni huɗu wuri ɗaya: ICA da Ernemann na birnin Dresden, Goerz na Berlin, da Contessa-Nettel na Stuttgart. Kowanne ya zo da tarin samfuransa, kaya suka yi yawa, sai aka shiga tankaɗe da rairaya. A 1929 aka fito da Ikonta. Lambar da ka gani a fata tsarin gidan ne. 520 sunan samfurin ke nan, abin da ke bayan sandar kuma girman hoto yake nufi. In an sa /2, hoton santimita 6 ne da 9, fim ɗaya ya ba da hoto 8. In /16 ne, 6 da 6, hoto 12. In babu komai bayan lambar, 6 da 4.5 ne, hoto 16. Masu lamba 515, 517 da 518 Nettar ne, ƙanwar Ikonta mai araha. Masu 530 zuwa 534 su ne Super Ikonta, masu ma'aunin nisa a jikinsu.

Shekaru kuwa, idon zai gaya maka. Duba zoben da kyau, akwai doguwar lamba. Idanun Carl Zeiss Jena sun kai lamba miliyan ɗaya wajen 1930, suka kai miliyan biyu wajen 1937. Samfurin 520/2 kuma tsakanin waɗannan shekaru aka yi yayinsa, saboda haka taka ta haura shekara 85. Akwai wasu alamomin da ke taimaka wa duk mai irin wannan bincike. Rubuta tsawon ido da santimita, kamar 10,5cm ɗin nan, galibi tsohon yayi ne, daga baya aka koma milimita. Haruffan D.R.P. na nuna rajistar ƙirƙira ta kafin 1945, D.B.P. kuma ta Jamus ta Yamma ce bayan yaƙi. Jan harafin T a zoben ido yana nufin an shafa wa gilashin siririn rufi mai hana haske tarwatsewa, dabarar da Alexander Smakula ya fito da ita a Zeiss a 1935, amma ba ta wadata a kyamarorin kasuwa ba sai bayan yaƙi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya raba gidan biyu. An yi wa Dresden ruwan bama-bamai a Fabrairun 1945, Tarayyar Sobiyet kuma ta kwashe injuna da yawa a matsayin diyya. Sai aka wayi gari da Zeiss Ikon a Stuttgart ta Yamma, da wani a Dresden ta Gabas wanda ya ci gaba da yin ƴar uwar Ikonta da sunan Ercona. Masu gilashi ma haka: na Jena suka zauna a Gabas, waɗanda Amurkawa suka kwasa suka kafa sabuwar masana'anta a Oberkochen, idanunsu na farko na ɗauke da sunan Zeiss-Opton. Can a Krasnogorsk kusa da Mosko kuma aka riƙa ƙera Moskva a kan fasalin Super Ikonta. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 kasuwa ta juya wa masu ninkewa baya. Mutane sun koma ƙananan kyamarori masu fim ɗin milimita 35 da idon da ake cirewa a canja, Japan ta shigo da ƙarfinta, Zeiss Ikon kuma ya daina ƙera kyamara a farkon shekarun 1970.

Tambaya: Na ji ana cewa duk tsohuwar kyamarar Jamus dukiya ce. Wadanne ne masu tara kayan tarihi suke nema da gaske? (Wani ɗan kasuwa daga Kano)

Amsa: Alhaji, wanda ya gaya maka haka ya faɗi rabin magana. An ƙera waɗannan kyamarori da yawan gaske don talakan Turai ya ɗauki hoton iyalinsa, kuma har yau suna nan jibge a kasuwannin gwanjo. Nettar, ko Agfa Billy, ko Isolette I, ko Franka Solida mai ƙaramin ido, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa ladan mai gyara ya fi kuɗin kyamarar.

Abin da ke ɗaga daraja, na farko ido ne. Kowane kamfani yana da na ƙasa mai gilashi uku da na sama mai huɗu. A Zeiss Ikon, Novar uku ne, Tessar huɗu, wanda Paul Rudolph ya tsara tun 1902. A Agfa, Agnar da Apotar uku, Solinar huɗu. A Voigtländer, Voigtar da Vaskar uku, Skopar huɗu, Heliar biyar. A Schneider, Radionar uku, Xenar huɗu. Na biyu maƙifci. Vario da Pronto saurinsu kala uku ne ko huɗu. Prontor-S da SV na kamfanin Gauthier a Calmbach suna farawa daga daƙiƙa ɗaya su kai 1/250 ko 1/300. Compur-Rapid da Synchro-Compur na Friedrich Deckel a Munich su ne sarakuna, har 1/400 ko 1/500. Na uku shi ne ma'aunin nisa. Akwai wanda ke haɗe da ido, kana daidaita shi ido na bin sa. Akwai wanda zai gaya maka nisan kawai, kai ka juya zobe da hannunka, kamar na Isolette III da Ikonta 524. Na farkon ya fi tsada nesa ba kusa ba.

In waɗannan uku suka haɗu, to an zo gidan da ake rububi. Super Ikonta 531/2 ta bayan yaƙi mai Tessar mai jan T da Synchro-Compur tana ciki. Super Ikonta 532/16 mai Tessar 2.8 ma haka, duk da nauyinta da kuma wata ɗabi'a tata: hoto 11 take bayarwa a fim ɗin da wasu ke ba da 12. Agfa Super Isolette ta 1954, wadda ke gane farkon fim da kanta ba sai an leƙa jar tagar nan ta baya da ake ganin lambar hoto ba, tana da masoya, haka Certo Six ta Dresden. Amma wadda ake kiran sunanta da girmamawa ita ce Bessa II ta Voigtländer, kamfanin da aka kafa a Vienna a 1756 kafin ya koma Braunschweig. Ta fito a 1950, kuma an yi ta da ido iri uku: Color-Skopar, Color-Heliar, da Apo-Lanthar wanda kaɗan aka yi, kuma kuɗinsa ya ninka na sauran sau da dama. Inda kuɗi ya yi yawa haka, a yi hattara da idon da aka ciro daga wata kyamarar aka dasa.

Ra'ayinmu dai shi ne, in don ɗaukar hoto ne, Nettar mai Novar wadda gabanta ke tsaye cak ta fi Bessa II da ta taɓa faɗuwa ta gurɗe. In aka matse ƙofar haske, wato hudar cikin ido da ake faɗaɗawa ko ragewa, zuwa lamba 8 ko 11, ido mai gilashi uku zai ba ka hoton da sai gwani zai bambance shi da na Tessar. In kuma don tarawa ne, a nemi wadda fatarta ta asali ce, da jakarta, da ɗan faifan ƙarfen nan da ake sa wa masu 6 da 9 a ciki don su ba da hoto 16. Shi ne ya fi ɓata, kuma samunsa tare da kyamara na ƙara mata kuɗi.

Tambaya: Har yanzu ana samun fim ɗinsu? Yaya ake sa shi? (Wata ɗaliba daga Maraɗi)

Amsa: Ana samu, Malama. Galibinsu fim mai lamba 120 suke ci, wanda Kodak ya fito da shi a 1901, kuma har gobe Kodak da Ilford na Ingila da Foma na ƙasar Cek suna yin sa. Faɗinsa wajen santimita 6 ne, an manna shi a jikin doguwar takarda mai lambobi a bayanta, an naɗe a kwarkwaro. In kin buɗe bayan kyamara kin ga an rubuta B2 ko BII, shi ne 120 da sunan Jamusawa. In kin ga 620 ko PB20, fim ɗin ɗaya ne amma kwarkwaron ya fi siriri, kuma an daina yin sa tun 1995. Dole sai an samu tsofaffin kwarkwaro biyu na 620, a shiga duhu ƙirin a naɗe 120 a kan na farko, a sake mayar da shi kan na biyu. Masu 116 da 616 kuwa a bar su a kan kanta su yi ado.

Sa fim a inuwa ake yi, ba a tsakar rana ba. Kwarkwaron da ba komai a kansa ya koma ɓangaren da makullin naɗi yake. Sabon fim ya shiga ɗaya ɓangaren, a yanke ɗamararsa, a riƙe shi da babban yatsa kada ya warware. A jawo harshen takardar a cusa a tsagar kwarkwaron, a murɗa sau biyu ko uku a tabbata takardar na tafiya a miƙe, ba ta hawa gefe. A rufe baya, a buɗe jar taga, a ci gaba da murɗawa a hankali. Za a ga kibiya ko hoton hannu, sai ɗigo-ɗigo, sai lamba 1. A tsaya nan, a rufe tagar. Wannan jar tagar an yi ta ne a zamanin da fim ba ya ganin jan haske. Na yanzu yana gani, saboda haka in tagar ba ta da murfi a liƙa mata baƙin tef, a ɗaga shi lokacin naɗi kawai, a juya wa rana baya.

Yawancin tsofaffin ba sa hana ɗaukar hoto biyu a wuri ɗaya, don haka a tsayar da al'ada ɗaya ta naɗi kada a saɓa. Mu mun fi son a buɗe kyamara tukuna sannan a naɗa zuwa lamba ta gaba, dalili zai zo a amsar mai hoto dishi-dishi. Bayan hoton ƙarshe a yi ta murɗawa har takarda ta ƙare, a ciro a matse, a liƙe ɗamara. Naɗin da ya yi sako-sako yana shan haske ta gefe.

Ma'aunin haske babu shi a yawancinsu, waɗanda suke da shi ma ya daɗe da mutuwa. Da fim mai ƙarfin 100, a rana tsaka a sa ƙofar haske 16, sauri 1/100. In hazo ya rufe rana a sa 11 ko 8, a inuwar bishiya 5.6. Wankin baƙi-da-fari ana iya yin sa a gida, sai dai lissafin magungunan an gina shi ne a kan ruwa mai awo 20 na Salsiyas, ruwan famfon Maraɗi a watan Afrilu kuwa ya wuce nan da nisa. A ɗebi na randa, a sa ƙanƙara kaɗan, a auna da ma'aunin zafi kafin a zuba.

Tambaya: An yi mini tayin wata a hannu. Me zan duba kafin in biya? (Mai ɗaukar hoto daga Jos)

Amsa: Madalla da ka ce a hannu, don sayen irin wannan ta intanet ba tare da damar mayarwa ba cinikin biri ne a sama.

Fara da abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi, wato tsayuwar gaba. Danna maɓalli ka tare ƙofar da tafin hannu ta sauka a hankali, har matokaran ƙarfen nan na gefe biyu su ce ƙas. Sannan ka kama allon da ido ke kai da yatsu biyu ka ɗan girgiza. Bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Dubi kyamarar ta gefe da ta sama, allon ido da bayan kyamara su zama a layi ɗaya kamar bango biyu na ɗaki. In ya sunkuya ko da milimita ɗaya ne, rabin hoto zai fito tas rabi dishi-dishi, kuma miƙe matokaran da suka lanƙwashe aiki ne da ko ƙwararru ke gudu. Wannan aibin kaɗai ya isa a fasa ciniki.

Sai zugazugi. Hawa uku ne: siririyar fata a waje, siraran kwali a tsakiya masu riƙe ninki, baƙin ƙyalle a ciki. Shiga ɗaki mai duhu, ka buɗe baya, ka jira minti biyar idonka ya saba, ka zura ƙaramar tocila ciki kana bin kusurwoyi huɗu ninki bayan ninki. Huda za ta bayyana kamar tauraro. Biyu ko uku ana toshe su ta ciki da baƙin fentin yadi mai laushi, a shafa da tsinke siriri, a bar kyamarar a buɗe kwana biyu kafin a ninke, in ba haka ba ninkin ya manne. In sun kai goma, sai sabon zugazugi, ka sa kuɗinsa a lissafi.

Ido kuma, sa maƙifci a harafin B, wanda ke barin sa a buɗe muddin kana danne, ka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, ka haska tocila ta baya kana kallo ta gaba a karkace. Ƙura ba komai ba ce. Hazo fari yakan goge. Zare-zare mai kamar saƙar gizo fumfuna ce, in ta daɗe tana cin rufin gilashi. Launin bakan gizo ko rawaya a gefen gilashin baya na Tessar da ire-irensa alama ce gam ɗin da ya haɗa gilasai biyu ya fara saki.

Maƙifci da kunne ake gwada shi. Sa shi a daƙiƙa ɗaya, ka ɗana, ka saki. Za ka ji zzzz a jere sannan ya rufe. In yana tsayawa yana ci gaba, tsohon mai ne ya daskare, gyara ne mai sauƙi a wurin wanda ya iya, don cikinsa agogo ne zalla. Kada ka taɓa ɗan hannun nan mai jan ɗigo na jinkirta ɗauka. Shi ne ya fi maƙalewa, in ya maƙale kuma ya riƙe komai. A Compur kuma kada ka tura zobe zuwa saurin ƙarshe bayan ka ɗana, akwai wani ƙarin sifirin mai tauri da sai kafin ɗanawa yake shiga lafiya. Ƙurajen da za ka gani sun kumburo a ƙarƙashin fatar Zeiss Ikon, koren tsatsa ne a kan ƙusoshin tagulla. Muni ne kawai, ba sa taɓa hoto, amma hujja ce ta neman ragi.

Tambaya: Zoben da ake juyawa don nisa ya kafe, ko motsi ba ya yi. Na gwada filaya bai yi ba. (Mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Ajiye filayar nan, ɗan'uwa, kada garin gyaran gira a rasa ido. Ba ka faɗi sunan kyamarar ba, amma wannan ciwo an fi saninsa da Isolette da Record na Agfa na shekarun 1950. Giris ɗin da aka sa musu yana komawa kore ya daskare kamar siminti. Zugazuginsu ma ba fata ba ne, wani roba-roba ne da ke tsagewa a kusurwa, don haka ka duba shi tun kafin ka ɓata lokaci.

A irin waɗannan, gilashin gaba kaɗai ke juyawa a cikin zaren gilashin tsakiya. Zoben mai lambobin nisa an ɗaure shi da ƙananan sukurori uku a gefe. Ɗauki hotonsa da waya yadda yake, ka sassauta su da siririyar sukurudireba irin ta masu agogo, ba sai ka fitar da su duka ba, don in sun faɗi ƙasa an yi sallama. Cire zoben. Da guntun robar tayar keke ka kama gilashin ka murɗa hagu, za su fito tare da na tsakiya a manne. Jiƙa su a ɗan kofi da man laita ko sifirit mai ƙarfi, kwana biyu zuwa mako guda, kana gwadawa kullum da roba a hannu biyu. In sun ƙi, ɗan ɗumi na injin busar da gashi yana sassauta giris. Lokacin da za su rabu ka yi alama a inda zaren ya saki, don ta nan zai koma. Goge zaren da tsohon buroshin haƙori har koren ya ƙare, ka shafa sabon giris kamar ƙwayar gero biyu, ba fiye ba. Mai na feshi kuwa kada ya kusanci kyamara, yana bin ko'ina ya sauka a ganyen maƙifci ya manne su.

Bayan ka mayar, sai an sake saita nisa. Yadda ake yi yana amsa ta gaba.

Tambaya: Na wanke fim ɗin farko daga mai 6 da 9, hotunan duk dishi-dishi. Ido ne ya lalace? (Malamin makaranta daga Katsina)

Amsa: Da wuya, Malam. Fara da zoben nisa: mita aka rubuta ko ƙafa? Waɗanda aka yi don kasuwar Ingila da Amurka ƙafa ne, mita ɗaya kuma ƙafa uku ce da ɗoriya. Sannan ido mai milimita 105 ba ya yafe kuskuren kintace. In ka buɗe shi a 4.5 ka tsayar da mutum a mita biyu, abin da zai fito tas bai fi taƙi ɗaya ba daga gaba zuwa baya. A 11 zai kai kamu guda da ɗan ƙari. Shi ya sa Zeiss Ikon ya sa jan ɗigo biyu, ɗaya a zoben nisa ɗaya a ƙofar haske. In ka daidaita su, komai daga ƴan mitoci zuwa can nesa zai fito. Girgizar hannu ma tana nan: kada ka sauka ƙasa da 1/100 sai ka ɗora kyamara a kan matokari mai ƙafafu uku.

Akwai kuma laifin zugazugi. In aka bar ƙofa ta faɗo da ƙarfi, yana zuƙo iska ya jawo fim daga shimfiɗarsa ya yi tozo. Dalilin ke nan da muka ce a buɗe a hankali, a naɗa daga baya.

In duk ba wannan ba ne, gwada saitin. Yanko farar roba mai gani-har-hanji daga akwatin faifan CD, ka liƙa mata tef mai dusu-dusu a fuska ɗaya, ka ɗora a kan layukan da fim ke bi, fuskar tef na kallon ido. Sa maƙifci a B ka riƙe shi a buɗe, ƙofar haske gaba ɗaya, ka nufi hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis mai nisan rabin kilomita. Lulluɓe kanka da baƙin zane, ka duba da gilashin ƙara girma kana juya gilashin gaba har hasumiyar ta fito tas. A nan za ka mayar da zoben, alamar nan ta nesa mara iyaka mai kama da 8 a kwance ta tsaya a kan layi, ka ɗaure sukurori ukun.

Tambaya: Tawa Kodak Retina ce, amma an rubuta an yi ta a Jamus. Ba na Amurka ba ne Kodak? Kuma ta ƙi rufuwa. (Daga Yamai)

Amsa: Na Amurka ne, amma Retina ƴar Stuttgart ce. August Nagel, wanda ya kafa Contessa, ya bar Zeiss Ikon a 1928 ya buɗe masana'antarsa, Kodak ya saye ta a farkon shekarun 1930. A 1934 suka fito da Retina tare da gwangwanin fim mai lamba 135, wanda ake amfani da shi har yau. Da Retina Edmund Hillary ya ɗauki hoton Tenzing Norgay a ƙololuwar Everest a 1953. Masu tarawa sun fi son IIa da IIIc masu idon Xenon ko Heligon, sai IIIC mai babban harafi da faffaɗar tagar leƙe. Rufuwa kuwa, mayar da zoben nisa kan 8 ɗin nan na kwance tukuna, sannan ka danna maɓallan sama da ƙasa tare. A samfuran shekarun 1950 masu hannun naɗi, ma'aunin hoto baya-baya yake ƙirga, in ya kai 1 sai hannun ya kulle. Matsar da ma'aunin kawai. Wanda ya sa ƙarfi zai cinye haƙoran wani siririn ƙarfe da ke ɗana maƙifci.

Tambaya: Yaya zan adana su a irin yanayinmu? (Hajiya daga Garwa)

Amsa: Damina ce babbar abokiyar gaba, Hajiya, don fumfuna na son laima da duhu da iskar da ba ta motsi. Fitar da kowace daga jakarta ta fata, jakar tana riƙe danshi. Sa su a robar da ke rufuwa ruf, tare da ƙunshin ƙwayoyin nan masu shan laima da ɗan ma'aunin danshi, a nemi ya zauna tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari. In ƙwayoyin sun ƙoshi a gasa su a tanda mai awo 120 na awa ɗaya ko biyu su dawo aiki. Da hunturu kuma ƙura ce da bushewa. Kada a goge ido da gefen mayafi, ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, gilashin wancan zamani kuma bai da taurin na yanzu. A hure da ɗan famfon roba tukuna, sannan a goga da ƙyallen tabarau mai tsabta. Kada a shafa wa zugazugi man kaɗe ko man shanu don ya yi laushi, yana ratsawa ya saki gam ɗin da ke riƙe kwalayen ciki. A nisanta su da hayaƙin turaren wuta, yana kwanciya a gilashi, haka kuma cikin motar da ke tsaye a rana. Sau ɗaya a wata a buɗe kowace, a ɗana a saki sau biyar a kowane sauri, a bar ta ta sha iska na awa guda a inuwa, sannan a ninke ta maƙifci a sake, ba a ɗane ba.